Garke yana da takardar rigakafi, mai garke fa?

Duk shekara, da an gama kwashe amfanin gona sanyi ya shigo, ma'aikatan kiwo suna fitowa allurar rigakafin dabbobi a faɗin Nijar. Makiyayi daga Tanda ko Bengou ko Yelou zai tashi tun da asuba ya koro garkensa, ya tsaya cikin ƙura har a yi wa shanu allurar ciwon huhu, a yi wa awaki da tumaki tasu. Ba ya jira sai saniya ta fara tari, domin ya san ranar da ciwo ya shiga garke, asarar da za ta biyo baya ta ninka wahalar yini guda a layi. Wannan lissafi na makiyayi shi ne gundarin abin da ake kira inshora, ko asirans kamar yadda aka fi faɗa a nan: a yi ɗan ƙoƙari yau da kowa ke tsaye da ƙafafunsa, don kada gobe a tafka babbar asara.

Sai dai mutumin da ya yi wa shanu hamsin wannan tanadi, shi da matarsa da yaron da ke bin garke ba su da irinsa. Idan ciwo ya kwantar da ɗayansu, garken ne ke biyan kuɗin asibiti. Shi ya sa nake ganin shigar da iyalan makiyaya cikin inshorar lafiya aikin kare dabbobi ne kamar allura da maganin tsutsa, kuma ƙungiyoyinmu ne ya kamata su ɗauki nauyin taimaka wa mutane su yi rajista, a daidai wurin da makiyaya suka riga suka saba taruwa.

Wa ke biyan kuɗin asibiti a ruga?

Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Albarka ce ga ciyawa, amma sauro ma yana cin moriyarta. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai shigo ba. Gidan da ba shi da kuɗi a hannu zai fara da jira, sannan a sayi ƙwayoyi wurin mai tallar magani a kasuwa, sai abu ya yi tsanani a nemi amalanke ko babur zuwa likita. A lokacin kuɗin ya riga ya ninka, domin ciwon da za a iya kashewa da maganin kwana uku ya koma na kwanciya da ƙarin ruwa, wani lokaci har da ƙarin jini.

Daga nan sai a waiwayi turke. Da farko akuya ce ke tafiya, ko ragon da ake kiwo don Layya. Idan aka ce sai an wuce da marar lafiya babban asibitin Dosso ko Yamai, to an kai ga karsana. Dillali kuwa da ganin idon mai dabba ya san wanda ya zo sayarwa don ra'ayin kansa da wanda ya bar ɗansa kwance a gadon asibiti, kuma farashin da zai taya ba ɗaya ba ne. Wanda ya sayar da karsana mai ciki ya sayar da maruƙan da za ta haifa da nonon da uwargida za ta kai kasuwa shekara da shekaru. Garken da aka kare daga ciwon huhu da allurar kyauta, ga shi rashin lafiyar mutum ɗaya ya rage shi.

Akwai wata asarar da ba a cika lissafawa ba. Ranar da babban makiyayi ya kwanta, ƙananan yara ake bar wa sanda. Shayarwa takan makara, dabbar da ta fara ɗingishi ba mai lura da ita, kuma garken da ba shi da babba a bayansa shi ne ke faɗawa gonar mutane. Tarar ɓarna da rikicin da ke biyo baya duk suna cikin kuɗin wannan ciwo.

Ga shi kuma sana'ar kanta tana da nata haɗari. Mai kwana da dabbobi, mai sa hannu ya ciro ɗan da ya maƙale ko ya kwashe ɓari, mai shan ɗanyen nono, shi ne na farko da bakkale da tarin fuka na shanu ke kamawa. A shekarar 2016, zazzaɓin nan na Rift Valley da ke sa dabbobi ɓari ya ɓulla a yankunan Tchintabaraden da Tassara na jihar Tawa, ya kashe mutane fiye da 30, yawancinsu makiyaya. Ƙara da saran maciji a fadama da sukar ƙaho a bakin rijiya. Duk wanda ke cikin wannan haɗari kullum bai kamata a ce shi ne na ƙarshe a layin rajista ba.

Abin da aka riga aka sauƙaƙe, da abin da ya rage

Gwamnatocin Nijar sun ɗauke wa talaka wani ɓangare na wannan kaya. Tun 2005 aka mai da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki da tsarin iyali. Daga ranar 1 ga Satumba 2024 kuma hukumomi suka rage kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da kashi 50 cikin 100, suka mai da haihuwa kyauta. Duk makiyayi ya kamata ya san waɗannan haƙƙoƙi, ya kuma nemi a ba shi su.

To amma a duba waɗanda ke riƙe da garke: magidanci, saurayi ɗan shekara goma sha biyar, yarinya mai tallar nono, tsohuwar da ke kula da 'yan maruƙa. Babu ɗayansu da ke cikin jerin masu cin kyauta. Rabin kuɗi ma kuɗi ne ga wanda ba shi da ko dala a aljihu ranar da ciwo ya zo, balle a haɗa da magani da gwaje-gwaje da kwanakin jinya.

Wannan giɓi ne inshorar lafiya ta gunduma, wadda ake taƙaitawa da AMD a Faransanci, aka ƙirƙiro don ta cike. Gundumar Gaya na ɗaya daga cikin biyun da aka zaɓa don gwada tsarin, ita da Gotheye a jihar Tillaberi, da tallafin Enabel, hukumar raya ƙasashe ta Beljiyam. Dalilin yin sa a matakin gunduma a bayyane yake. Nijar tana da dokar ƙungiyoyin taimakon juna na lafiya tun 2008, kuma an kafa ƙananan asusu da dama a ƙauyuka, amma da yawansu ba su yi nisa ba saboda mambobi kaɗan ne, masu riƙe da littafi kuma 'yan sa-kai ne. Tiyata biyu ko uku a wata ɗaya sun isa su kwashe asusun ƙauye. Asusun da ya haɗa gunduma guda, da ma'aikatan da aikinsu ke nan, ya fi iya jure irin wannan. An gwada hakan a Senegal tun 2014 a gundumomin Koungheul da Foundiougne.

Irin wannan tsari da ƙafa biyu yake tsayawa: abin da iyalai ke zubawa duk shekara, da abin da gwamnati ko abokan hulɗa ke ƙarawa. A tsarin da Senegal ta ƙaddamar a 2013, alal misali, kuɗin shekara na mutum ɗaya sefa 7,000 ne, mutum ya biya 3,500 gwamnati ta cika sauran. Abin lura a nan shi ne tallafin yana bin wanda sunansa ke cikin littafi. Idan 'yan birni da 'yan kasuwa da manoman bakin titi suka yi rajista makiyaya suka tsaya a daji, to tallafin da aka ware don talakan gunduma ya wuce su, alhali su ma suna biyan haraji duk ranar da suka kai dabba kasuwa.

Inda makiyayi ke maƙalewa

Ba ƙin abin kirki ne ke hana makiyaya shiga ba. Wurare huɗu ne suke maƙalewa, kuma kowanne ƙungiya tana iya warware shi.

Na farko takarda. Rajista tana bukatar a san wane ne wane a cikin gida, a kuma haɗa suna da hoto. Yara da yawa a ruga aka haife su, ba su da takardar haihuwa, wasu manyan ma ba su da katin ɗan ƙasa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 don bayyana haihuwa, wanda ya wuce wa'adin kuma sai ya bi ta hannun alƙali. Mutum ɗaya da ya baro garke ya zo Gaya neman wannan takarda zai iya ɓata kwanaki. Ƙungiyar da ta tattara sunayen mutum ɗari ko ɗari biyu kuwa tana da bakin da za ta je wurin magajin gari ta nemi a kawo zaman alƙali na tafi-da-gidanka har ƙauye ko kasuwar dabbobi, kamar yadda ake yi a wurare da dama a ƙasar nan. Takardar da aka samu ta haka za ta yi wa yaro amfani har a makaranta.

Na biyu lokacin biya. Ma'aikaci yana da ƙarshen wata, manomi yana da kaka, makiyayi kuma yana da nasa lokacin: gab da Layya da rago ke daraja, da ƙarshen damina da dabbobi suka yi ƙiba. Wanda aka zo wa da maganar kuɗin shekara a tsakiyar bazara, lokacin da yake neman kuɗin dusa da harawa don kada shanu su faɗi, zai ce a'a, kuma yana da gaskiya. Aikin ƙungiya ne ta karɓi kuɗin a lokacin da dabba ke da farashi, ta ajiye, ta biya a dunƙule ranar da wa'adi ya yi. Matan da ke asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991, sun daɗe da nuna cewa zubin mako-mako daga kuɗin nono yana tara abin da ba a zata ba. A ware akwati ɗaya a ce na katin lafiya ne.

Na uku bayani. Yawancin takardun da Faransanci suke, mai bayani kuma sau da yawa Zabarmanci ko Dendi ko Hausa yake ji, alhali tsohuwar da za a yi wa kati Fulatanci kaɗai take ji sosai. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu karatu da jin harsunan yankin, su je ofishin inshora su zauna har su fahimci tsarin ciki da waje. Kada su taso sai sun samo amsar waɗannan tambayoyi a rubuce:

Nawa ne kuɗin mutum ɗaya a shekara, kuma akwai rangwame idan gida ko ƙungiya ko ƙauye suka shiga gaba ɗaya?
Bayan an biya, kwana nawa ake jira kafin kati ya fara aiki?
Wane kaso ne marar lafiya zai biya da kansa a likita, wane ne asusu zai biya?
Waɗanne cututtuka da magunguna ne ba sa ciki? Maganin dafin maciji fa, da motar ɗaukar marar lafiya?
Idan aka tura mutum daga CSI zuwa asibitin gunduma, ko daga can zuwa Dosso, katin yana bin sa?
Idan babu magani a likita aka ce a saya a waje, wa zai biya?
Wa ake kai wa kuka idan aka ƙi karɓar kati?

Tambaya ta biyu tana da muhimmanci ƙwarai. Yawancin tsare-tsaren inshora suna sa wa'adin jira don kada mutane su riƙa shiga sai ranar da suka kwanta. Wanda bai san haka ba zai biya yau, ya je likita gobe, a mai da shi, ya koma ruga yana cewa an cuce shi, kuma maganarsa za ta hana gida goma shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan a sanar da kowa cewa ana fara zuwa ƙaramar likita ne kafin babbar, domin wanda ya tsallake mataki ba tare da takardar turawa ba yakan biya da aljihunsa.

Na huɗu nisa. Ofis yana gari, makiyayi yana bayan shanu, kuma ba zai bar su don cika takarda ba. Maganin wannan shi ne ofis ya taso ya same shi.

A kawo tebur wurin allura

Wannan ba sabon tunani ba ne. A ƙasar Cadi, daga shekarar 2000, ma'aikatan lafiyar mutane da likitocin dabbobi sun riƙa fita a tafiya ɗaya zuwa wurin makiyaya a yankunan Chari-Baguirmi da Kanem: ana yi wa shanu allura a gefe ɗaya, ana yi wa yara da mata tasu a ɗaya gefen. An kai ga yaran da ba a taɓa yi wa rigakafi ba, kuɗin mota da mai kuma ya ragu tunda an raba shi. Sirrin abin shi ne makiyayi ya riga ya yarda da likitan dabbobi, kuma ranar allura rana ce da aka tabbata zai zo.

Haka ya kamata a yi a Gaya da Bana da Bengou da Tanda da Tounouga da Yelou. Duk inda aka kafa wurin allurar dabbobi, a kafa teburin rajista a inuwa kusa da shi, da mai ɗaukar hoto, da wakilin ƙungiya mai jin Fulatanci. A sanar da rugga da garso da hakimai tun da wuri don su gaya wa mutane su zo da iyali da duk takardar da suke da ita. Mataimakan likitocin dabbobi da ke yawo ruga-ruga sun san kowane gida da yawan mutanen cikinsa, su ne za su fi kowa tuna wa mutum cewa katinsa ya kusa ƙarewa. Manyan ƙungiyoyi irin su AREN da FNEN-Daddo suna da muryar da za su kai wannan bukata gaban hukumomin lafiya da na kiwo, don a daidaita ranakun fita.

Abin da masu ja da baya ke cewa

Wani zai ce: in na biya shekara ta ƙare ban yi ciwo ba, kuɗina ya tafi a banza. Wanda aka yi wa shanunsa allura ciwo bai zo ba, ba ya cewa ya yi asarar yininsa. Kuɗin da ba ka ci ba shi ne ya yi wa matar maƙwabcinka tiyata, baɗi kuma nasa ne zai yi wa ɗanka. Fulani sun riga kowa sanin wannan ta hanyar habbanaye: mai shi ya ba wanda ya rasa aron saniya har ta haihu, ya riƙe 'ya'yan ya mai da uwar. Ba wanda ya taɓa kiran haka asara.

Wani kuma zai kawo maganar addini, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa. Malamai sun bambanta inshorar kasuwanci da ake yi don riba da asusun taimakon juna da mutane ke zubawa don ɗaukar nauyin wanda lalura ta same shi a cikinsu. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta halatta nau'i na biyu tun 1985. Ya kyautu ƙungiya ta gayyaci limamin gari ya ji bayanin tsarin da kunnensa, ya yi tambayoyinsa, kafin a fara karɓar kuɗi.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na wanda ya ce: ina amfanin kati idan na je likita aka ce babu magani? Wannan gaskiya ce da ba a rufe ta. Kowa ya san yadda jinkirin biyan asibitoci kuɗin kula da yara kyauta ya riƙa barin kantunan magani wayam. Inshorar da ba ta biyan likita a kan lokaci haka za ta ƙare. Amma a nan ma shiga a ƙungiyance ya fi. Mutum ɗaya da aka ƙi katinsa haƙuri zai yi ya tafi. Ƙungiyar da ta kawo mutum ɗari biyar, tana rubuta kowane ƙorafi da rana da wuri, idan ta ce ba za ta sabunta ba sai an gyara, dole a saurare ta. Ku nemi kujera a wurin da ake yanke shawarar asusun, ku nemi a karanta muku lissafin shekara.

Kati da iyaka

Saura maganar tafiya. Katin da aka yi a Gaya don likitocin da suka yi yarjejeniya da asusun ne, ba zai yi aiki a Kamba ko Malanville ba. Nijeriya tana da nata tsari, da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya da kuma hukumar KECHEMA a jihar Kebbi. Benin ma tana da shirinta na ARCH. Kowanne don mutanen da ke cikin rajistar ƙasarsa aka yi shi. Tun da Benin ta hana shigar garkunan ƙetare a ƙarshen 2019, aka kuma rufe gadar Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hanyoyin kiwo sun sauya, amma masu bin ciyawa ba su daina fita daga gunduma ba, ko arewa da damina ko gabas da rani.

Wannan ba hujjar ƙin shiga ba ce. Garke ne ke tafiya da samari biyu ko uku, yawancin gida kuwa yana nan: mata, tsofaffi, yaran da suka wuce shekara biyar. A fara da su idan kuɗi bai kai na kowa ba, ko da yake shigar gida gaba ɗaya ya fi. Masu tafiya kuma a yi musu tanadi biyu. Ƙungiya ta ware ɗan asusun gaggawa da za a iya tura wa mutum ta waya idan ciwo ya same shi a nesa, ya biya bayan ya dawo ya sayar da dabba a kan farashinta. Sannan ƙungiyoyi su ci gaba da matsa wa hukumomi cewa duk ranar da za a faɗaɗa inshora zuwa wasu gundumomi, a yi katin da zai bi makiyayi aƙalla ko'ina cikin Nijar. Ƙasar da ta amince da 'yancin zirga-zirgar makiyaya a dokar kiwo ta 2010 bai dace ta ɗaure lafiyarsu a turke ɗaya ba.

Kafin allurar dabbobi ta gaba, kowace ƙungiya tana iya yin abu uku ba tare da jiran kowa ba. Ta rubuta sunayen mutanen kowane gida, ta ware masu takarda da marasa ita. Ta tura wakilanta biyu ofishin inshora da tambayoyin nan bakwai. Ta kuma sa ranar zubi a lokacin da dabba ke da daraja. Idan taron wata mai zuwa ya zo ana lissafin buhunan dusa da maganin tsutsa, wani ya ɗaga hannu ya tambaya: cikin mu nan, gida nawa ne ke da katin lafiya?